Akwatin Mama Safta

Shekara tara Tudora Baltag da mijinta Nistor suka yi suna tara kuɗin gida. Ita tana ɗinka kwalar riga a masana'antar ɗinki da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Braila, kwala kawai, ko aljihu ba a taɓa ba ta ta ɗinka ba. Shi kuma mai walda ne a bakin kogi, inda ake gyaran jiragen ruwa. Ɗaki biyu suke zaune a hawa na huɗu tare da mahaifiyarta, Mama Safta. Gidan na tsohuwar ne, kuma ba ta bari a manta da haka ko na yini guda.

Da suka samu gida mai ɗaki uku kusa da kasuwa, mai shi ya ce zai jira su zuwa ƙarshen wata, ba zai ƙara ko kwana ɗaya ba, don akwai wani likitan haƙori da ke ta yi masa waya. Ranar Litinin suka saka kayansu na zuwa coci, suka tafi banki neman rancen cikon kuɗin.

Ma'aikacin da ya karɓe su, Domnul Pirvu, wato Malam Pirvu, mutum ne mai ladabi da siririn gashin baki. Ya duba takardun albashinsu ya gyaɗa kai. Ya duba ajiyarsu ya sake gyaɗawa. Sai ya danna wani abu a kwamfuta, kan nasa ya tsaya cak.

"Doamna Baltag, sunanki yana cikin rajistar waɗanda suka ci bashi ba su biya ba."

"Ni? Ko burodi ban taɓa karɓa bashi ba."

"Kuɗin lei casa'in da huɗu ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan." Ya matsa kusa da allon yana karantawa. "Akwatin gawa ɗaya, da hidimar jana'iza gaba ɗaya." Ya sassauta murya, ya ɗan miƙe daga kujera. "Allah ya jiƙan wanda kuka rasa."

"Ba mu rasa kowa ba," in ji Nistor. "Da safen nan surukata ta cinye ƙwai uku."

A nan Tudora ta tuna. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ciwon huhu ya kwantar da Mama Safta, likita ya ja Tudora gefe ya ce su je su shirya, kwana uku ya yi yawa. Ta je shagon Nea Gavril, wato Baba Gavril, mai jana'iza tana kuka, ta sa hannu a takardar biya wata-wata, aka auna tsohuwa tana kwance, aka ƙera akwati aka kawo gida. Rana ta huɗu Mama Safta ta buɗe ido ta tambayi wanda ya taɓa mata kwalbar barkono. Tudora ta biya wata goma sha ɗaya. Na ƙarshe ƙaninta Ilarie ya rantse a waya daga Italiya cewa shi zai biya, don shi ma uwarsa ce.

Akwatin yana nan a baranda har yau. Da rani Mama Safta tana ajiye barguna a ciki, da hunturu kuma albasa da dankali, ta ce babu inda suke daɗewa kamar nan.

Tudora ta buɗe jaka ta fara ƙirga kuɗi a kan tebur. Domnul Pirvu ya ɗaga hannu biyu kamar an nuna masa wuƙa.

"Ba mu muke binki ba, Doamna. Tsohon bashi yakan goge da kansa idan an rufe shi. Wannan a buɗe yake, duk wata sai ya sake fitowa sabo. Ki kawo takarda daga mai shagon, da hatiminsa, ta ce an biya kuma an rufe yarjejeniyar. Dole duka biyun. In akwai ɗaya babu ɗaya, kwamfuta ba ta karɓa."

Shagon Nea Gavril yana nan inda yake, tsakanin mai furanni da mai gyaran taya. Shi ma yana nan, ya ƙara furfura, yana cin ƙwayar kabewa a bayan kanta. Ya gane ta tun daga ƙofa.

"'Yar Safta. Lokacin ya yi?"

"Bai yi ba, Nea Gavril. Cikon kuɗinka na kawo."

Ya karɓa, ya ƙirga sau biyu, ya rubuta mata rasit da kyakkyawan rubutu, ya buga hatimi. Ta ce saura takardar rufewa. Ya share hannunsa, ya shiga ciki, ya fito da fayil mai ƙura, ya buɗe a gabanta ya ɗora yatsa a kan sashe na bakwai.

"Yarjejeniya tana rufuwa ranar da aka yi hidimar. Kin biya ni mota, da mutum huɗu masu ɗauka, da furanni, da rami. Na yi miki ko ɗaya?"

"Na yafe maka."

"Ni ban yafe wa kaina ba. Shekara arba'in da shida ina wannan sana'a, ban taɓa rubuta na binne wanda ban binne ba. Yau kuma don kina son gida sai in fara?"

"To ka mayar min da kuɗin hidimar, mu rabu lafiya."

"Wane kuɗi? Na biya haraji a kansa tun kina da sauran baƙin gashi. In na mayar miki, sai in je in gaya wa gwamnati ita ma ta mayar min. Kin taɓa ganin an yi haka?" Ya tura mata kwanon ƙwayar kabewa. "Ki yi haƙuri, 'yar nan. Shekararta nawa yanzu?"

"Tamanin da huɗu."

"To ai an kusa."

Tudora ta kalle shi har sai da ya sunkuyar da kai. Da ta juya za ta fita ya kira ta, ya ce akwai sashe na tara. Ana iya juya yarjejeniyar zuwa sunan wani, in wadda aka yi dominta, wato Mama Safta, ta sa hannu. Shi dai a ba shi wanda zai binne.

"Amma ki tuna," ya ce, "daidai tsawonta na ƙera shi. Mita ɗaya da rabi da yatsa biyu. Ba na ɓarnar katako."

Da yamma suna cin tuwon masara da cuku, Tudora ta ba da labari. Mama Safta ta ƙara tuwo, ta ƙara cuku, ta ɓantari albasa da haƙoranta na asali. Nistor ya tsaya da cokali a hannu yana kallonta.

"Me kake kallo, surukina?"

"Ba komai, Mama Safta."

"Ƙirga min loma kake yi. Ku yi haƙuri, ban shirya ba. Ina da tumatir kwalba sittin da ban buɗe ba." Ta juya ga 'yarta. "Akwatina kuma ba na bayarwa. Na saba da shi."

Tudora ta bar maganar sa hannu zuwa gaba, ta fara neman wanda za a binne. Ta yi zaton abu ne mai sauƙi, tunda mutane suna mutuwa kullum kuma jana'iza tana da tsada. Tana tashi daga aiki sai ta bi ta jikin coci ta karanta sanarwar rasuwa da ake liƙawa. Gida na farko da ta shiga, ta yi gaisuwa, ta ja ɗan mamacin gefe ta ce tana da akwati kyauta har da mota da furanni. Ya tambaye ta ko sun yi mata kama da mabarata, ya raka ta har bakin titi. Gida na biyu suka yi murna ƙwarai, har matar ta rungume ta, sai aka shigar da ita ta ga mamacin. Tsohon ɗan kwale-kwale ne, ƙafafunsa sun wuce ƙarshen tebur.

"In an ɗan lanƙwasa gwiwa fa?" in ji matar.

Tudora ta ce a'a, ta ajiye musu furannin da ta zo da su, ta fita.

Abin ya fara bin ta ko'ina. Ido ne na mai ɗinki, shekara goma sha tara yana awo ba tare da tef ba. A cikin bas sai ta samu kanta tana auna tsofaffi daga hula zuwa takalmi. Wannan ya yi tsawo. Wannan daidai ne, amma ga shi yana hawa matakala bibbiyu. Wata gajeriyar tsohuwa ta yi tari, Tudora ta tashi ta ba ta kujera, tsohuwar ta sa mata albarka, ita kuwa kunya ta sa ta sauka tun kafin tasharta ta ƙarasa da ƙafa.

Saura kwana goma sha shida wata ya ƙare sai matar da ke ɗinki a keken kusa da nata ta ce yayarta tana aikin jinya a asibiti, kuma akwai wani tsoho a ɗakinsu da ba shi da kowa. Zuciyarsa ta gaji, ba ya cin abinci, likitoci sun daina tsayawa a gadonsa. Gajere ne sosai.

Sunansa Anghel Dobre, tsohon magatakardar kotu. Tudora ta same shi kwance kamar an manta da riga a kan gado. Ta tsaya da lemu uku a leda, ta rasa ta inda za ta fara. Shi ya taimake ta.

"An gaya min, Doamna. Zauna. Wane katako ne?"

"Ban sani ba. Mai nauyi ne dai. Mutum huɗu suka hau da shi bene suna zagi."

"Da matashi a ciki?"

"Da matashi, da farin ƙyalle mai leshi."

Ya lumshe ido. "Hukumar gari allo huɗu take bayarwa da ƙusa. Na ga irinsu. Na yarda." Ya buɗe ido ɗaya. "Zuwa yaushe kike buƙata?"

Tudora ta ji fuskarta ta yi zafi. Ta ce ba gaggawa.

"Kar ki yi min ƙarya, shekara talatin da ɗaya ina sauraron shaidu."

"Ƙarshen wata," ta ce da ƙaramar murya.

"Zan yi ƙoƙari."

Da aka gaya wa Mama Safta, ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce sai ta ga mutumin da idonta, don ba kowane ɗan iska za a saka a kan leshinta ba. Washegari ta ɗaura kallabi, ta bi 'yarta asibiti, ta tsaya a ƙarshen gado tana duba Anghel kamar mai sayen kaza.

"Shan giya?"

"Ranar biki kawai, Doamna Safta."

"Mata?"

"Ɗaya. Ta bi wani injiniya tun zamanin da sai an yi layi ake samun burodi."

"Me ka yi mata?"

"Ta ce ina gyara mata magana."

Mama Safta ta karɓi biro ta sa hannu. Amma a hanyar gida ta yi ta gunaguni. Ta ce mutumin nan ko rabin akwatin ba zai cika ba, za a ɗauke shi yana ƙwanƙwasa a ciki kamar cokali a tukunya, mutane su ce Safta ta ba da akwati ta hana abinci. Washegari tun da asuba ta aiki Nistor bakin kogi ya sayo kifi, ta dafa romo mai tsami da ganye, ta zuba a kwalba, ta naɗe da tawul, ta hau bas.

Haka ta yi ta yi kullum. Ranar farko ya sha cokali huɗu don kunya. Rana ta uku ya shanye kwalbar. Rana ta biyar ta ƙara masa da naɗin kabeji da nama, ya ce gishiri ya ɗan yi yawa, suka yi rigima har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Tudora tana zuwa da yamma bayan aiki, tana ganin kumatunsa suna cikowa, ta rasa abin da ya kamata ta roƙi Allah. Ta kunna kyandir a coci don ya samu lafiya, ta fito tana lissafin kwanakin da suka rage, ta koma ta kunna wani don a yafe mata lissafin.

Nistor ya ce da surukarsa ko za ta ɗan rage romon.

"Ka ji abin da bakinka ya faɗa?" ta ce.

"Na ji. Ban ji daɗinsa ba ni ma."

Saura kwana biyar aka ƙwanƙwasa musu ƙofa. Anghel Dobre ne, da kwat da hula, ya hau hawa huɗu da ƙafarsa, yana haki kaɗan kawai. An sallame shi. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Doamna Tudora, na zo ba da haƙuri. Na yi alkawari ban cika ba. Wallahi na yi iya ƙoƙarina."

Tudora ta ce ta yi murna, kuma da ta faɗa sai ta ga da gaske take. Ta shiga kicin ta ɗora shayi. Da ta fito ta same shi a baranda, Mama Safta ta kwashe barguna tana nuna masa leshin, shi kuma yana shafa katakon yana yabawa. Ya nemi ya ga takardar yarjejeniyar, tunda yanzu da sunansa take. Ya saka tabarau, ya zauna a kan murfin akwatin, ya karanta tun daga kwanan wata har zuwa hatimi, leɓensa yana motsi. Ya koma sashe na bakwai ya sake karantawa.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Nea Gavril da kansa."

"Da alama. Ɗauko jakarki."

Nea Gavril ya ga su huɗu sun shigo, ya dubi Mama Safta, ya dubi Anghel, ya ce bai taɓa ganin kwastomominsa biyu sun zo da ƙafarsu tare ba. Anghel ya shimfiɗa takardar a kan kanta.

"Karanta min abin da ka yi alkawari."

"Ɗaukar akwati daga gida. Kai shi a mota, da furanni, da mutum huɗu. Saka shi a rami. Rufewa da ƙasa."

"Ina mutum?"

"Ga su nan, mutum huɗu."

"Na ciki nake nufi."

Nea Gavril ya bi layin da yatsa, ya juya bayan takardar, ya dawo. "Ai kowa ya san da mutum a ciki."

"Abin da kowa ya sani ba ya shiga fayil. Akwati ka ce za ka binne. Ka binne akwati, ka rubuta ka binne akwati. Ina ƙaryar?"

Nea Gavril ya jawo kwanonsa. Ya ɓare ƙwayar kabewa, ya manta bai ci ba. Daga ƙarshe ya ce in za a yi, to za a yi shi sosai, ba a ɓoye ba, ba a guje ba, kada a ce Gavril ya yi aikin rabi. Mama Safta ta ce ita ma abin da za ta faɗa ke nan. Kuɗin furanni 'yarta ta biya, furanni za ta gani, kuma ba na roba ba.

Maƙabartar gari ta ce ba ta karɓar wanda ba ya nan. Fadan cocinsu ya ce ba zai yi addu'a a kan albasa ba, da aka ce masa an kwashe albasar ya ce wannan ya fi muni. Nea Gavril ya sake duba takardarsa ya ga rami kawai ya rubuta, bai ce rami a ina ba, shi kuwa yana da 'yar gonar inabi a bayan gari. Aka sa ranar Asabar.

Ƙarfe goma na safe motar gawa ta tsaya a ƙofar benen, baƙa, an wanke ta tana ƙyalli. Mutum huɗu cikin baƙar kwat suka hau hawa na huɗu. Sun saba da nauyi, don haka da suka ce ɗaya, biyu, uku suka ɗaga da ƙarfi, akwatin ya kusa dukan rufi. Nea Gavril ya ce su yi tafiya kamar akwai mutum, an biya su.

Ba wanda ya tuna ya sanar da maƙwabta. Kafin akwatin ya kai hawa na biyu duk ƙofofi sun buɗe. Maza suka cire hula, mata suka fara kuka. Wadda ta fi kowa kuka ita ce Doamna Zamfira ta hawa na ɗaya, wadda shekara shida ba ta gaisa da Mama Safta ba. Ta tsaya a bakin mota tana faɗa wa jama'a cewa ba a yi mace mai zuciya irin Safta ba, ga tsabta, ga kyauta, wanda ya ci miyarta ba ya mantawa. Mama Safta ta sauko a hankali cikin baƙar rigarta, ta tsaya a bayanta, ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Na gode, Zamfira," ta ce. "Ki dawo min da babbar tukunyata."

Sai da aka zaunar da Doamna Zamfira a kan matakala aka ba ta ruwa. Da ta dawo hayyacinta ta ce tunda ta riga ta yi kuka, ita ma za ta je. Wasu shida suka biyo ta.

Motar ta tafi a hankali ta tsakiyar gari kamar yadda aka saba. Mama Safta ta zauna gaba kusa da direba, furanni a cinyarta, tana gaya masa ya rage gudu. Masu wucewa suka tsaya suna yin alamar gicciye, ita kuma tana gyaɗa musu kai ta taga.

An riga an haƙa ramin a ƙarshen gonar, kusa da shinge. Aka jera furanni, aka zura igiya, mutum huɗun suka sauke akwatin a hankali. Babu Fada, don haka kowa ya dubi Anghel, tunda da sunansa ake yi. Ya cire hula, ya ce akwatin nan ya yi shekara goma sha ɗaya yana jiran aiki, bai taɓa ƙorafi ba, ya riƙe abin da aka ba shi amana, kuma ba kowane ma'aikaci za a faɗa wa haka ba. Nistor ya ce amin, don bai san me ake cewa ba.

Da ƙasa ta farko ta faɗa kan murfin, Tudora ta ji ƙarar har cikin ƙirjinta. Ba ta yi niyya ba. Ta tuna ranar da ta tsaya a shagon Nea Gavril tana sa hannu a takardar akwatin, ta tuna yadda ta koma gida ta wanke baƙar rigar nan da uwarta ke sanye da ita yau, ta goge ta ta rataye, ita kaɗai, ba ta gaya wa kowa ba. Kukan da ta tanada a lokacin ba ta samu yi ba, sai ga shi ya zo yanzu gaba ɗaya, a gonar inabi, a gaban ramin da babu kowa a ciki. Mama Safta ta bar ta ta yi na ɗan lokaci, sannan ta zaro hankici daga hannun riga ta miƙa mata, ta riƙe mata gwiwar hannu da ƙarfi.

"Ya isa," ta ce. "Ki rage na gaba."

Nea Gavril ya jira har aka daidaita ƙasa, ya zagaya ramin sau ɗaya yana duba aikin, sannan ya shimfiɗa takarda a kan gaban mota ya rubuta an biya, an rufe. Ya hura wa hatimi iska ya buga. Mama Safta ta buɗe kwandon da ta zo da shi, aka zauna a inuwa aka ci dafaffen alkama da zuma kamar yadda ake yi bayan jana'iza, da kifi, da ruwan inabin gonar. Doamna Zamfira ta ce ba ta taɓa zuwa jana'iza mai daɗi irin wannan ba.

Ranar Litinin Domnul Pirvu ya karɓi takardar, ya karanta, ya ce ta yi daidai, babu abin gyara. Sai dai rajistar takan ɗauki har kwana talatin kafin ta share suna. Nistor ya tambaya ko ba a iya yi musu waya. Ya ce ana iya yi, amma ba sa ɗauka.

Likitan haƙori ya saye gidan kusa da kasuwa. Sunan Tudora ya fita daga rajista bayan kwana ashirin da tara. Ilarie ya ji labari a Italiya, ya aiko da lei casa'in da huɗu da saƙon cewa shi bai taɓa mantawa ba. Cikin watan Oktoba suka samu wani gida mai ɗaki uku, ya fi nisa, a hawa na biyar, lif ɗinsa yana aiki in ya ga dama. Banki ya ba da rancen, shekara ashirin da biyar.

Sun yi wa ɗaki na uku, wanda suka tanadar wa Mama Safta, fenti, Tudora ta ɗinka masa labule, abu na farko da ta ɗinka wanda ba kwala ba. Ranar da motar kaya ta zo, Mama Safta ta zauna a kujerarta ta kicin ta ce ba inda za ta je. Nan ta saba, nan cocinta yake, kuma ɗakinsu da za su bari ta riga ta ba da shi haya.

"Haya? Wa kika ba?"

"Domnul Anghel. Ɗakinsa yana da sanyi, ga shi ba ya cin abinci in ba a tsaya a kansa ba."

"Mama, me mutane za su ce?"

"Su ce. Shekarata tamanin da huɗu, shi saba'in da tara. In sun samu abin faɗa, su zo su gaya min, ni ma in ji."

Da yamma, bayan an gama shigar da kaya, Tudora ta samu Nistor tsaye a tsakiyar ɗaki na uku, hannu a aljihu, yana kallon labulen. Ya ce shekara ashirin da biyar za su yi suna biyan kuɗin ɗakin nan, ya kamata dai a saka wani abu a ciki. Ta ce gobe sa yi shawara. Ta ɗauko tukunya ta fara neman inda aka saka gishiri, ba ta samu ba, sai ta ɗauki waya ta kira uwarta. Anghel ne ya ɗauka, ya ce Doamna Safta tana soya albasa, ta kira bayan minti goma.